Ranar da rumbun bayanan Alhaji ya ƙi buɗuwa

Laraba, Maraɗi.

Ko karin kumallo ban yi ba magatakardan Alhaji ya kira ni. Manhajar lissafin magaza ta ƙi shiga, ga motoci an gama lodin wake da aya, za su bi ta Ɗan Isa su tsallaka Jibiya, ba halin fitar da takardar kaya. Na hau kabu-kabu sai babbar kasuwa.

Na iske Alhaji tsaye a kan magatakardan, carbi a hannu. "Malam, basukan mutane duk suna ciki fa. Sun tafi ke nan?" Na ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka, ko dala ba ta ɓace ba. Kwaɗon ƙofa aka sauya, mu kuwa tsohon makulli ke hannunmu."

Ashe kamfanin da ke ajiye mana rumbun bayanai ne ya kwashe mu cikin dare daga MySQL (manhajar da ke tafiyar da rumbun) 5.7 zuwa 8.0, ya sake buɗe asusun shiga. Sabuntawar kanta ban ga laifinta ba, tun Oktoban 2023 aka daina kula da 5.7. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ba su aiko ko saƙo ɗaya ba. A 8.0 da wata sabuwar hanya, caching_sha2_password, ake tantance kalmar sirri, kwamfutar magaza kuwa tana kan PHP 7.2 (PHP shi ne harshen da manhajar lissafin ke aiki da shi), alhali sai daga 7.4 PHP ya iya wannan hanya. Shi ya sa manhajar da phpMyAdmin, shafin da ake leƙa rumbun da shi, suka tsaya tare.

Sai bayan azahar suka ɗaga waya, suka mayar da asusunmu kan tsohuwar hanyar, mysql_native_password. Takardu suka fita, direbobi suka kama hanya suna ƙunƙuni.

Da la'asar na gwada loda kwafin rumbun na yau a 5.7 da ke kwamfutata, in ga ko akwai hanyar komawa. Ta ƙi, wai ba ta san utf8mb4_0900_ai_ci ba, tsarin jera haruffan da sabon ya zo da shi. Na faɗa wa Alhaji gaskiya: gyaran yau faci ne. A 8.4 tsohuwar hanyar a kashe take zuwa, a 9.0 kuma an cire ta ɗungurungum.

Ya yi shiru, sannan ya ce nawa aikin zai ci. Mun tsayar da Lahadi. Zan ɗaga PHP, in fara gwada komai a kan kwafi, kuma gobe zan rubuta wa kamfanin nan su riƙa sanar da mu kafin su taɓa wani abu.