Tawadar da ke bi ta ramukan raga ta daina ɓata mini aiki

'Yan'uwa masu koyon wannan sana'a ta buga allunan talla, jiya da la'asar aka ɗaure ragar da na buga, wato shimfiɗar roba mai ƙananan ramuka da ake buga talla a kanta, a jikin wani bene mai hawa uku da ake ginawa kusa da babban titin Kanda a Accra, kuma karon farko ke nan cikin makonni bakwai da na tsaya daga tsallaken titi na kalli aikina ba tare da raina ya ɓaci ba.

Injin da nake da shi a shagona na Nima mai faɗin mita 1.8 ne, na tawadar eko-solbent, da kai guda mai fesa tawada, samfurin XP600. A kan sitika da fileks (shimfiɗar roba marar ramuka) na Maulidi da na jana'iza bai taɓa ba ni kunya ba, shi ya sa da aka kawo mini aikin raga na karɓa ba tare da na leƙa ƙasan injin ba, alhali a can matsalar take. Ragar da na saya irin mai kashi 70 jiki, kashi 30 ramuka ce, mai nauyin giram 270, wadda ba ta da shafi a baya, wato fallen da ake manna mata don ya tare tawada. Ma'ana, wani babban kaso na tawadar da kan injin ya fesa ba ya samun abin da zai sauka a kai, sai ya wuce ya zauna a kan farantin da ke ƙasa. Kafin mita biyu su fito farantin ya jiƙe, ragar tana wucewa tana shafar tawadar da bayanta, har ta fara ɓullowa ta gaba tana ɓata fararen haruffa. Da na ɗaga gefe na sa yatsa, sai ya fito baƙi ƙirin kamar na taɓa gindin tukunya.

Abin da ya fi wannan muni shi ne fankar da ke zuƙo iska ta ƙananan ramukan farantin domin ta riƙe kaya. Fileks tana manne shi daram, amma raga iska bi ta cikinta take yi, don haka fankar ba ta riƙe komai ba, tawada kawai ta riƙa sha. Da hita ta ɗumama robar, sai tsakiyarta ya ɗan kumbura, kan injin ya goge ta yana cikin gudu. Sautin ƙaramin "ƙarat" ne kawai, amma gwajin da na buga bayansa ya nuna layukan shuɗi sun tafi, kuma jiƙa kan da na yi na kwana biyu bai dawo da su ba. Sabon kai da ladan mai gyara sun cinye ribar aikin kaf, ga mita 14 na raga da suka koma shimfiɗar shanya barkono a gidanmu.

Na gwada shimfiɗa takarda a ƙasa tana tafiya tare da ragar, ta yi ta tattarewa. Na koma raga mai shafi, wadda ta magance zubar tawada sarai, sai dai ta fi tsada, ɓare shafin aiki ne na mutum biyu, kuma faɗin injina ya tilasta mini haɗa gutsattsari da yawa, alhali kowane haɗi wuri ne da iskar teku za ta fara yaga.

Daga nan na yanke shawarar neman babban inji, na shafe kwanaki ina zagaye shagunan ɗab'i na Accra New Town da ragowar bandir ɗina a kafaɗa. Kowane mai sayarwa da gudun inji da yawan kawuna yake fara magana, wasu har da samfur mai sheƙi da aka buga a kan fileks. Ni kuwa tambayata ɗaya ce: ina tawadar da ta wuce take zuwa? Wanda ya fara kame-kame sai in yi masa godiya in wuce. Na yi sha'awar injin latas, mai tawadar da aka haɗa da ruwa, saboda ba ya wari, amma zafin da yake buƙata kafin tawada ta bushe wuta yake ci sosai, kuma da na lissafa yadda wuta ke ɗaukewa da abin da janaretana zai iya ja, sai na haƙura.

Wanda na ɗauka na hannu ne, mai faɗin mita 3.2, na solbent zalla, da kawuna huɗu na Konica 512i. A daidai inda kawunan ke wucewa ana cire murfin faranti, sai wata doguwar kwata ta bayyana da soso a ciki, ragar ta miƙe a samanta ba ta taɓa komai, sandunan gaba da baya ne ke ɗame ta. Na sa Alhajin da ke sayarwa ya buga mini mita biyar a kan ragata, na juya bayan na shafa da farin hankici, ya fito tsaf. Ɗigon waɗannan kawuna manya ne, ba za su yi kyau a ƙaramin sitika ba, amma aikin da za a kalla daga mita 20 ba ya buƙatar wannan laushin, kuma solbent yana kama roba sosai, ya jure rana da ruwan sama. Warinsa dai sai da na sa aka fasa bango aka saka fankar fitar da iska.

Launi ma ya ba ni wahalar mako guda, domin haske yana ratsa ramukan ya kashe shi, jan da ke kan allon kwamfuta ya fito kamar zobon da aka cika wa ruwa. Na ƙara yawan zagayen kai daga biyu zuwa huɗu, na ƙara nauyin tawada, na ƙara kaurin haruffa, sannan na daina duba gwaji a kwance a kan tebur. Yanzu a ƙofar shago nake rataye shi, rana na bayansa, in ja da baya in duba. Gefunan kuma na sa aka naɗe su da ɗamara a ciki, aka buga zobba kowane santimita 50.

Abin da ya rage shi ne ragar tana karkata hagu bayan kamar mita 20, kuma ina zargin sandar naɗewa ba ta daidaita da ta baya ba. Ranar Asabar zan auna tazarar su ta gefe biyu, in kuma canja soson kwatar, wanda tun jiya ya cika taf.