Kafin ka ƙara wa turbo matsi, ka auna birkinka

Shekara biyu na yi ina haɗa motar tserena, kuma a cikin shekarun nan ban taɓa zama na yi wa birki tunanin minti goma ba. Hankalina duk yana kan turbo da kamshaf da giya da tayoyin baya. Baƙar tukunyar nan da ke manne a bayan mastan birki (famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi idan ka taka feda), wadda makanikai ke kira busta, na bar ta yadda kamfani ya ɗaura ta, don a ganina abin da bai lalace ba ba a taɓa shi. Ƙannena masu sha'awar tseren kwata mil, wannan sakacin ya kusa jefa ni cikin abin da har yau ba na son tunawa, shi ya sa nake so ku ji yadda aka yi.

Busta ba ta da ƙarfin kanta, aro take yi a wurin inji. A cikinta akwai faifan roba da ya raba tukunyar ɗaki biyu. Idan totur a rufe yake, fistin suna jan iska ba sa samun wadda ta ishe su, sai zuƙo ya taru a manifol, wato bututun da ke raba wa inji iskar da yake sha, tiyo kuma ya kai wannan zuƙon cikin busta. Da ka taka feda, iskar waje ta kutsa ɗakin baya, ta tura faifan gaba, ta taya ƙafarka tura masta. Ana auna zuƙon da inci na zaiba. Lafiyayyen injin da ba a taɓa ba yakan ba da inci 17 zuwa 21 idan yana silo, busta kuwa tana son wajen 18 kafin ta yi aiki yadda ya kamata. A faifai mai faɗin inci 8, zuƙon inci 18 yana ba ka taimakon fam 440 ko kusa da haka. Idan zuƙon ya faɗo zuwa 9, rabin taimakon ya tafi, kai kuma ba ka sani ba sai ranar da ka neme shi.

Da hannuna na yi wa bustata illa sau biyu. Na farko, na sa kamshaf mai tsere, irin wanda bawul ɗin shiga da na fita suke daɗewa a buɗe tare, sai zuƙon silo ya sauko zuwa inci 9. Na biyu, na ɗora turbo. Turbo cusa iska yake yi, saboda haka da zarar ya kama, manifol ya daina zuƙa ya koma busawa. A motata matsin yakan kai psi 15, wato fam 15 a kan kowane murabba'in inci. Abin da ya rage tsakanin wannan matsin da cikin busta shi ne wani ɗan bawul na roba mai hanya ɗaya, wanda bai fi babban yatsa ba. Shi ke riƙe ɗan zuƙon da aka adana, kuma ajiyar ba ta wuce taka biyu ko uku.

Gargaɗin farko a layin tashi ya zo mini. Motata otomatik ce, da ƙafar hagu nake danne birki, da ta dama ina ba ta wuta don turbo ya fara cika kafin fitila ta zama kore. Amma kafin a kai nan, na riga na taka birki wajen ɗumama tayoyin baya, na sake takawa sau da yawa ina lallaɓawa zuwa layi, injin kuma bai samu sararin mayar da zuƙon ba. Ina ba ta wuta sai fedar ta yi tauri, motar ta fara jan jiki gaba duk da na tattara ƙarfina a kai, jar fitila ta kama, alamar na tashi kafin lokaci. Sau uku hakan ta faru a rana ɗaya. Na ɗora laifin a kan fad, na canza su, na ɗora a kan man birki, na zubar na zuba sabo. Ma'aunin zuƙo yana rataye a gareji, ban taɓa tunanin jona shi ba. Da na jona, da minti biyar ya ishe ni gane gaskiya.

Gargaɗi na biyu a ƙarshen fili ya same ni. Na tsallake layi ina gudun wajen kilomita 200 a awa, na ɗaga ƙafa daga totur, na jefa giya a furi kamar yadda na saba, na taka birki. Kamar na taka dutse. A wannan gudun mota tana cin mita 55 a kowace daƙiƙa, saboda haka ɗan lokacin da na yi ina mamaki ya cinye fili mai yawa. Na sa ƙafa biyu, na jingina bayana da kujera na danna iya ƙarfina, motar ta tsaya dab da yashin da ake zubawa a ƙarshen hanya. Allah ne kawai Ya kiyaye. Da muka buɗe, sai muka tarar bututun hayaƙin da ke fitowa daga turbo ya bi kusa da busta, zafinsa ya lanƙwasa ɗan bawul ɗin nan, ya daina rufewa. Duk tsawon mita 402 ɗin, turbo yana hura iska cikin tukunyar da aka yi ta don zuƙo. Jefa giya a furi kuma ya ƙara ɓata lamarin, domin da na bar ta a giya, injin zai ci gaba da juyawa da sauri totur a rufe, ya samar da zuƙo mai ƙarfi nan da nan. Ni kuwa na mayar da shi silo, inda ba shi da abin da ya wuce inci 9.

Kada ku ɗauka tsayawa ƙaramin ɓangare ne na wannan wasa. Ƙarfin da birki zai kashe yana ƙaruwa ne da gudu sau gudu: motar da ta ƙare da kilomita 225 a awa tana ɗauke da kusan ninki biyu na wadda ta ƙare da 160. Hukumar NHRA, mai shirya tseren kwata mil a Amurka, tana wajabta laimar tsayawa ga motar da ta kai mil 150 a awa. A 2008, bayan rasuwar direba Scott Kalitta a filin Englishtown na jihar New Jersey, hukumar ta rage tsawon tseren manyan motocinta mafi gudu daga ƙafa 1,320 zuwa 1,000, don a samu ƙarin filin tsayawa.

Kuskurena na uku shi ya fi ba ni takaici, don a fusace na yi shi. Na ga motocin tsere da yawa ba su da busta ko kaɗan, sai na kwance tawa, na ɗaura tsohon mastan kai tsaye a bangon inji, na bar fedar yadda take. An gudu ba a tsira ba. Birkin ya fi na dā muni, ko a cikin harabar gareji da ƙyar yake tsayar da motar. Wani dattijo da ya daɗe yana haɗa irin waɗannan motoci ya zo ya auna fedar da tef, ya leƙa ramin mastan, ya ɗauki alli ya yi mini lissafi a ƙasa. Wannan lissafin nake so ku riƙe, don shi ne gindin maganar.

Feda sanda ce mai ninka ƙarfi. Ka auna daga ƙusar da take lilo a kai zuwa inda ƙafa ke takawa, ka raba da tazarar da ke tsakanin ƙusar da inda sandar masta ta jonu. Motocin da suka zo da busta yawanci ninkinsu wajen 4 ne, marasa busta kuwa wajen 6. Tawa 4 ce, ramin mastan kuma inci 1 da 1/8. Idan na danna da fam 100, wato kusan kilo 45, masta yana samun fam 400, a raba da girman fuskar fistinsa, wajen murabba'in inci ɗaya, sai a tashi da psi 400 kacal a cikin bututun mai. Birkin faifai kuwa yana neman wajen psi 1,000 kafin ya yi tsayawar gaggawa. Da feda mai ninki 6 da masta mai ramin inci 7/8, wannan ƙafar dai, da wannan ƙarfin, tana ba da kusan psi 1,000. Yawancin matasa suna zaton babban masta shi ne birki mai ƙarfi, ni ma haka na zata. Akasin haka ne: ƙaramin rami ya fi ba da matsi, sai dai fedar za ta ƙara nisan tafiya kafin ta kama, kuma dole ya iya tura man da zai cika dukkan kalifofinka, wato ƙarafan da ke matse fad a kan faifan taya, ba tare da feda ta kai ƙasa ba.

To, wanne za ka zaɓa? Amsar tana ga irin motarka da inda take yini.

Idan motar tana hawa titi kuma tana zuwa fili, ga nauyi, ga kujeru da gilasai duk suna nan, ka bar bustar zuƙo, amma ka raba ta da dogaro da manifol. Ka sa mata famfon zuƙo na lantarki tare da gwangwanin ajiya. Famfon yana da makunni da ke tashinsa idan zuƙo ya yi ƙasa, ya kashe shi idan ya cika, babu ruwansa da abin da turbo ke yi. Ba sabon abu ba ne, motocin dizal da motocin turbo na kamfani da yawa da famfo suke samun zuƙonsu. Gwangwani shi kaɗai ba magani ba ne, don ba ya adana abin da ya fi wanda injin ya ba shi. Injin da ke ba da inci 9 a silo ba zai cika maka shi ba sai lokacin da kake rage gudu a giya. Ka sa bawul mai hanya ɗaya na ƙarfe wanda aka yi shi don jure matsi, ka ɗaure kowane bakin tiyo da kilif, ka kuma sa garkuwar zafi tsakanin bututun turbo da duk wani abu na birki. Man birki ma yana tafasa: sabon mai nau'in DOT 3 a digiri 205 na Salshiyas, nau'in DOT 4 a 230, kuma idan ya tsufa ya sha danshi, tun kafin nan zai tafasa.

Akwai busta mai aiki da man famfon sitiyari. Ƙarama ce, tana barin wuri ga bututan turbo, kuma ƙarfinta ya fi na zuƙo nesa ba kusa ba. Kamfanin Ford ya sa ta a motocin Mustang masu injin V8 daga 1996 zuwa 2004 saboda faɗin injin ya cinye wurin tukunya. Amma ka tuna da bel take rayuwa. Bel yakan tsalle idan inji ya kai ƙololuwar juyi, kuma idan ya faɗi, ɗan ajiyar matsin da ke jikinta taka biyu ko uku zai ba ka. Sannan ƙarfin nata yakan yi yawa ga siraran tayoyin gaba na motar tsere, ka ɗan taɓa su ƙulle, tayar da ta ƙulle kuwa ba ta jin sitiyari. Idan ka riga ka cire famfon sitiyari don rage nauyi, ban ga dalilin mayar da shi saboda birki kawai ba. Akwai kuma busta mai injin lantarki, irin iBooster ta kamfanin Bosch da ke cikin motocin Tesla, wadda ba ta neman zuƙo ko bel, sai batir mai kyau da waya mai kauri da aka ja da hankali.

Motar da ba ta da aiki sai fili, an fafe cikinta ta yi sauƙi, ni a ra'ayina birki marar busta ya fi dacewa da ita, muddin an haɗa shi daidai. Dalilina ɗaya ne. A ƙarshen fili ne inji ya fi fashewa, a nan bel ke faɗuwa, a nan wuta ke ɗaukewa, kuma a nan ne kake buƙatar birki fiye da ko'ina. Birkin da ƙafarka kaɗai ke tuƙa shi, yadda ka taka shi a gareji haka za ka same shi ko injin ya mutu. Sai dai yana da sharuɗɗan da ba a wasa da su. Idan ka huda sabon rami a feda don ƙara ninki, sandar masta ta shiga a miƙe, kada ta karkace. Ka tabbata an kulle ta yadda ba za ta zame ta fita daga masta ba idan feda ta dawo baya, ka kuma sa wa fedar abin tokarewa, domin a motar da ke tashi da ƙarfi wannan sandar tana iya faɗowa, ka taka ka ji wayam. Ka bar ɗan wasa kaɗan a sandar don mai ya samu komawa. Masta ya zama mai ɗaki biyu, gaba daban baya daban. Ka ƙarfafa bangon da aka ɗaure shi, don yanzu duk ƙarfin ƙafarka a kansa yake sauka, idan yana lanƙwasa ka yi asarar rabin aikinka.

Wannan hanyar ta birki marar busta na bi a ƙarshe: feda mai ninki 6, masta mai inci 7/8, bawul na daidaita matsi tsakanin gaba da baya. Kafin motar ta sake ganin fili, na kwance ƙusar fitar da iska ta kalifar gaba, na ɗaura ma'aunin matsi a gurbinta, na zauna a kujera da ɗamarar tsere a ɗaure kamar yadda zan zauna ranar gasa, injin a kashe, na taka da ƙafa ɗaya. Allurar ta haura psi 1,000 ta tsaya cak, ba ta sauka ba har na ƙirga talatin. Na maimaita a kalifar baya. Sai da na yi tsayawar gwaji sau da dama daga ƙaramin gudu, ina ƙarawa kaɗan kaɗan ina murɗa bawul ɗin daidaitawa har tayoyi suka daina ƙullewa, sannan na mayar da matsin turbo psi 15.