Dabbar da na kira bushiya

Tun bayan la'asar amsar da na ba Auta take damuna. Ya zo da wayar yayansa yana nuna mini hoton wata 'yar dabba mai ƙaya da dogon hanci, bayanta da ratsin baƙi da ruwan ɗorawa, ya ce, "Baba, irin bushiyar da muka tsinta a gindin rumbu ce?" Ban tsaya na duba da kyau ba na ce masa ita ce, ya tafi yana murna.

Da na karɓi wayar daga baya sai na ga an rubuta sunanta, tenrek, kuma asalinta tsibirin Madagaska ne kaɗai, wanda mashigin ruwan Mozambik mai faɗin kusan kilomita 400 a inda ya fi ƙunci ya raba da gaɓar Afirka. Wannan mai ratsin tana zaune a kurmin gabashi da arewacin tsibirin, inda ruwan sama yake da yawa, tana tonon tana a ƙasa mai laima, kuma tana goga wasu ƙayoyin bayanta da juna don 'yan uwanta su ji inda take. Akwai wata ƙarama wadda ta fi kama da tamu, ita kuwa a busasshen dajin kudu maso yamma take, yankin itatuwan kuka, tana kwana a kogon bishiya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne masana sun ce danginsu sun fi kusa da giwa da rema da dabgi, kamanninsu da bushiya a ido ne kawai.

Bayan magariba na kira shi na ce, "Auta, ɗazu na faɗa maka abin da ba daidai ba." Ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni ko za ta iya rayuwa a gonarmu. Na ce masa a'a, mai ratsin ba ta da gida sai yankin wancan kurmi.

Wannan maganar ce ta hana ni sakewa, domin kurmin gabashin Madagaska yana ta raguwa, ana sare shi ana ƙonawa don noman shinkafa, kuma manoman da ke yin hakan abinci suke nema kamar kowa. Auta ya yi barci tuntuni, ni kuwa har yanzu ina duban ratsin bayanta a hoton.