Yadda na kai Hajiya zauren Royal Albert Hall

Sau biyu na je zauren Royal Albert Hall a Landan, kuma tafiyar farko ce ta gyara min ta biyu.

Ta farkon a watan Agusta ne, lokacin Proms, kaɗe-kaɗen da BBC ke shiryawa duk bazara, waɗanda suka koma wannan zaure tun 1941. Wani abokin aikina ya ba ni tikiti, na ɗauki mota daga Peckham. Motar tsohuwa ce mai shan dizal, don haka tun kafin in bar unguwa kuɗin hayaƙi na ULEZ, fam 12.50, ya hau kaina. Cunkoso bai dame ni ba kamar wurin ajiye mota. An buɗe zauren a 1871, zamanin keken doki, yana ɗaukar mutum sama da 5,000, kuma titunan da ke kewaye da shi yawancinsu an keɓe su ga mazauna unguwar masu takardar izini. Na yi ta zagaye har na haƙura na ajiye can nesa. Da na iso an riga an fara, mai tsaron ƙofa ya ce cikin ladabi sai an kai gaɓa zan shiga. Haka na tsaya a baranda ina jin kiɗan ta bayan ƙofa, raina a ɓace.

A watan Oktoba sai ga bikin yaye ƙanwata daga Imperial College, wanda a zauren ake yin sa. Hajiya ta zo daga Kano musamman, ga ciwon gwiwa. Kowa ya ce mu bi jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa South Kensington. Shi ya fi sauri, gaskiya ne, amma na je na gwada hanyar kwana biyu kafin ranar. Akwai matakala, sannan doguwar hanyar ƙafa ta ƙarƙashin ƙasa da aka gina tun 1885, sannan ka haura titin Exhibition. Ni minti goma sha biyar na yi. Hajiya ba za ta iya ba, kuma ba za ta faɗa ba, sai dai ta cije.

Bas muka hau. Lamba 36 ta kai mu Victoria, muka sauya zuwa 52. Ba a karɓar tsabar kuɗi a bas ɗin Landan, don haka na sayo mata katin Oyster tun da wuri, kuma idan ka sauya bas cikin awa ɗaya ba a sake cirar kuɗi. Wata yarinya ta tashi ta ba ta kujerar gaba. Hajiya ta riƙe jakarta a cinya tana jan carbi, tana kallon shagunan Knightsbridge.

"Babangida, nan ne?" ta tambaya da jan ginin mai zagaye ya bayyana.

"Nan ne, Hajiya."

Daga inda bas ya sauke mu zuwa bakin ginin 'yan taku ne. Abin da na koya a zuwan farko shi ne duba lambar ƙofa a jikin tikiti, domin ƙofofin 12 ne kewaye da ginin, wanda ya kuskure sai ya zagaya.

Mun iso da saura awa guda. Ta ce tana son shan iska, muka tsallaka titi a hankali zuwa hasumiyar tunawa da Yarima Albert, mijin Sarauniya Biktoriya, wanda ya rasu a 1861. A kusurwar da aka keɓe wa Afirka akwai raƙumi na farin dutse a durƙushe. Hajiya ta daɗe tana kallonsa, ta ce wanda ya sassaƙa shi ya taɓa ganin raƙumi da idonsa. Sannan ta gyara mayafinta ta ce mu je, kada a kira sunan 'yarta ba ta zauna ba.