Abin da ɗinkin tuta ya koya mini game da iska

A shagonmu na ɗinki da ke Agege, Satumba watan tuta ne. Makarantu da ofisoshi kowa na son sabuwar kore-fari-kore kafin 1 ga Oktoba, ranar da aka fara ɗaga ta a filin sukuwa na Legas a 1960, wurin da yanzu ake kira Dandalin Tafawa Ɓalewa. Tsofaffin da ake kawo mana gyara kuwa duk ciwonsu ɗaya: gefen sanda lafiya lau, wutsiyar ta zama zare-zare.

Maigidana bai taɓa zama ajin kimiyya ba, amma kullum sai ya ce, "Yaro, ninka wutsiyar nan sau biyu, nan iska ke ci." Da na shiga karatun yamma ne na gane dalili.

Yawancinmu mun ɗauka tuta na kaɗawa ne don iska na zuwa tana tsayawa. Ko iskar ta miƙe sak ba ta canjawa, tuta sai ta kaɗa. Da zarar yadin ya ɗan lanƙwasa, iskar da ke bi ta kan tudun sai ta ƙara gudu, matsinta ya ragu, ɗaya gefen ya ƙara turo yadin. Yadi kuma yana da nauyinsa, idan ya juyo ba ya tsayawa a tsakiya, sai ya zarce. Haka lanƙwasar ke gudu daga sanda zuwa ƙarshe tana ƙara girma, har ta isa wutsiya ta fyaɗa kamar bulala. Wannan "fat-fat" da ake ji, zare ne ke shan wuya.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne wanda wasu masana suka yi a New York a 2000. Sun sa zaren siliki cikin siririn ruwan sabulu mai gangarowa. Gajeren zare ya miƙe bai motsa ba, dogo ya kama kaɗawa. A wani tsawon kuma zare ɗaya na iya yin duka biyun: yana miƙe, ka ɗan taɓa shi ya fara kaɗawa ya ƙi dainawa. Tun wajen 1878 masanin kimiyya Lord Rayleigh na Ingila ya taɓo tambayar abin da ke sa tuta kaɗawa, har yau ana kan bincikenta.

Shi ya sa yanzu ba na yanka yadi sai na tambayi inda za a kafa tutar. Wadda za ta tsaya a Marina ko Lekki, inda iskar teku ke tasowa kusan kowace rana, nakan ƙara mata layin ɗinki a wutsiya, in ƙarfafa kusurwoyi biyun nan. Kuma nakan roƙi mai ita ya sauke ta idan hadari ya haɗo, domin jiƙaƙƙen yadi ya fi nauyi, fyaɗawarsa ta fi saurin yaga ɗinki.