Na ciyar da kuru da mudun babban doki

Har yanzu idan na tuna safiyar da na shiga barga na tarar da Tauraro tsaye, ya miƙe ƙafafun gaba, ya jingina nauyinsa duka a kan na baya kamar mai shirin zama, sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. Na ja ragama, ya ƙi motsi. Na ɗauka taurin kai ne irin nasu, har na daka masa tsawa. Tsawar nan ita ta fi ci mini rai, domin dabbar tana cikin azabar da ni na jefa ta ciki, da mudu a hannuna, safe da yamma, wata bakwai cur.

Tauraro kuru ne, jinsin Shetland. Na saya wa 'yata shi tana da shekara bakwai. A lokacin na shekara shida ina riƙe da wata goɗiya jinsin Thoroughbred wadda ta gama zamaninta a filin sukuwa, muna kiranta Gimbiya. Da wannan nake ganin na san doki. Ashe Gimbiya kawai na sani.

Duk wanda ya taɓa riƙe Thoroughbred ya san wahalar tara masa jiki. Jinsi ne da aka ƙirƙira a Ingila don gudu kaɗai, kuma asalinsu ta wajen uba yana komawa ga ingarmu uku da aka kai can daga gabas: Byerley Turk, da Darley Arabian wanda ya isa a 1704, da Godolphin Arabian. Tun 1791 ake rubuta nasabarsu a littafi. Dogaye ne, tsayinsu yakan kai santimita 160 ko fiye, ga siririyar fata, ga dogayen ƙafafu, ga jini a kusa. Abin da Gimbiya ta ci, ƙonewa yake yi. In na rage mata hatsi na mako biyu sai haƙarƙari su fito, mutane su fara kallona kamar ina horar da ita da yunwa. Shekara shida ina fama da wannan, har ya zauna mini a kai cewa kula da doki shi ne cika masa komi da abinci.

Da Tauraro ya zo sai na yi lissafin da nake ganin na hankali ne. Bai kai rabin Gimbiya nauyi ba, to a ba shi rabin abin da take ci. Hatsi da dusa sau biyu a rana, sannan a sake shi cikin ɗanyar ciyawa wuni guda. Ya yi ɓul-ɓul, gashi yana sheƙi, wuyansa ya yi kauri ya taurare a ƙarƙashin geza. Baƙi suna yabawa, ni kuma ina jin daɗi. Wuyan nan da nake shafawa ina alfahari da shi, shi ne gargaɗin farko, ban karanta shi ba.

Likitar dabbobi ta zo kafin azahar. Ba ta ma tambaye ni komai ba da farko. Ta durƙusa ta dafa kofatan gaba, ta ce in taɓa. Zafi rau. Ta ɗora yatsuna a bayan idon sawunsa, na ji jijiya tana bugawa da ƙarfi kamar ganga. Sannan ta ɗago ta ce, "Malam, me kake ba shi?"

Na faɗa mata, har da ƙarin bayani cewa rabin na goɗiyar ne kawai.

Ta ce, "Wannan ko ƙwaya ɗaya ta hatsi ba ya buƙata. Busasshiyar ciyawa ta ishe shi, ita ma da awo."

Ciwon sunansa laminaitis. A cikin kofato akwai wasu siraran yadudduka masu kama da shafukan littafi, su ne suke riƙe da ƙashin ƙafa a jikin bangon kofaton. Idan dabba mai saurin tara kitse ta daɗe tana cin abinci mai yawan sukari da sitaci, sinadarin insulin, mai daidaita sukari a jiki, yana hauhawa a jininta, shi kuma yana raunana waɗannan yadudduka. In suka saki, ƙashin yana iya karkatawa ya doshi tafin kofato. Shi ya sa yake tsayuwar nan, yana gudun ɗora nauyi a kan yatsun gaba. Hoton ƙashi ya nuna nasa ya ɗan karkata. Likita ta ce mun yi sa'a, kaɗan ne, wasu sai ƙashin ya huda tafin ake ganewa, kuma a nan sau da yawa ba abin da ya rage sai a hutar da dabba.

A makonnin jinyar ne na zauna na karanta abin da ya kamata in karanta kafin in miƙa kuɗi. Kuru ba dukushi ba ne da zai girma, kuma ba doki ba ne da aka rage wa tsawo. Masu dawaki suna awo da abin da suke kira hannu, wato inci 4, daga ƙasa zuwa doron kafaɗa, kuma galibi abin da bai wuce hannu 14 da inci 2 ba, kimanin santimita 147, shi ake kira kuru. Amma bambancin ya wuce na tsayi. Shetland ya fito ne daga tsibiran da ke arewa da Sikotilan, ƙasar iska da sanyi da ƙarancin ciyawa, inda a lokacin hunturu har ciyawar teku sukan ci a bakin gaɓa. Ɗaruruwan shekaru a irin wannan wuri, wanda ya rayu shi ne wanda jikinsa ya iya mai da ɗan abin da ya samu kitse. Tsayinsu ba ya wuce inci 42, santimita 107, amma ƙarfinsu ya fi girmansu nesa ba kusa ba. Bayan dokar 1842 ta hana sa mata da ƙananan yara aiki a ƙarƙashin ƙasa a Birtaniya, su aka riƙa kwasa ana zurawa ramukan kwal suna jan kaya. Dabbar da aka gina don ta yi aiki mai nauyi a kan abinci kaɗan, ita na ajiye ba aikin fari ba na baƙi, sai ɗaukar yarinya na rabin awa, ina ɗura mata abincin dokin sukuwa.

Sauran jinsunan kuru na tsibiran Birtaniya da Ailan duk haka suke, da ɗan bambanci. Na Welsh an raba su kashi huɗu, daga A ƙarami mai kyakkyawar fuska wanda ba ya wuce santimita 122, zuwa D wanda babban mutum zai hau ba matsala. Connemara na yammacin Ailan ya fi su tsayi, yana kaiwa 148, ya iya tsallake shinge, kuma yana da sanyin hali. Da na san su tun farko, wataƙila da Welsh na B ko Connemara na nema, domin yarinya za ta daɗe a kansa kafin ta fi ƙarfinsa, kuma babba marar nauyi yana iya hawa ya gyara masa ɗabi'a. Wannan ma wani abu ne da ba a faɗa wa iyaye. Shetland yana da wayo ƙwarai, kuma tunda babba ba zai iya hawansa ba, yara ne suke horar da shi, ko kuma shi ya horar da su. Ƙanƙanta ba ita ce sauƙin kai ba. Amma ko wanne na ɗauka a cikinsu, da mudun nan zai kai shi inda ya kai Tauraro.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne har dokin Larabawa yana cikin masu wannan haɗari. Ina ɗauka tunda shi ne kakan Thoroughbred, cinsu ɗaya. Ba haka ba ne. Shi ɗan hamada ne, ya saba da ƙaranci. Za ka gane shi da lotsattsiyar fuska, manyan idanu, faffaɗan hanci, da wutsiya da yake ɗagawa sama in yana tafiya. Wasunsu ma ƙashin bayansu ya gaza na sauran dawaki da gaɓa ɗaya. Ba dogo ba ne, da yawa ba su wuce iyakar kuru ba, amma doki ake kiransu. A tseren dogon zango, irin na kilomita 160 a rana ɗaya, su ne kan gaba. Barb na arewacin Afirka shi ma haka, mai juriya ne, ƙafa kamar ƙarfe, ba ya son a cika masa ciki yana zaune. Dongola da ya samo suna daga wani gari a Sudan ya fi tsayin ƙafa, da ƙobaɓɓen karan hanci. Andalusiya na Sifaniya, mai yalwar geza da taƙama, shi ma yana saurin ƙiba.

Akwai waɗanda na karanta don sha'awa kawai. Quarter Horse na Amurka ya samo sunansa daga tseren rubu'in mil, kimanin mita 400, inda ƙarfin cinyoyinsa yake ba shi tashi kamar kibiya, kuma makiyaya suna son shi don ya iya karanta motsin saniya. Yawancinsu masu natsuwa ne, shi ya sa ake yawan ba masu koyo. Manyan majaya kaya irin su Shire na Ingila da Clydesdale na Sikotilan da Percheron na Faransa, wasunsu suna kaiwa tan guda, amma sun fi kowa haƙuri. Su ake kira masu sanyin jini, Larabawa da Thoroughbred masu zafin jini, kuma maganar ta hali ce da ƙira, zafin jikinsu ɗaya ne. Dokin Aisilan gajere ne amma mutanensa ba sa yarda a kira shi kuru, yana da wata tafiya mai santsi da mahayi ba ya jijjiga, kuma wanda ya bar tsibirin doka ba ta bari ya koma, don tsare sauran daga cuta.

Duk wannan karatun a bakin ƙofar barga na yi shi, Tauraro yana tsaye a kan shimfiɗa mai kauri, ba fita. Da fushin kaina ya kama ni, na ce wa likita zan hana shi abinci sai ya zube. Ta tsayar da ni nan take. Ta ce, "Kada ka kuskura, Malam. Kuru mai ƙiba in aka yanke masa abinci farat ɗaya, kitse yana kwarara cikin jininsa ya lalata hanta, yana iya mutuwa cikin kwanaki." Saura ƙiris in yi kuskure na biyu a kan na farko. Abin da ta tsara shi ne busasshiyar ciyawa daidai kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na nauyinsa, wato kimanin kilo 3 a rana ga mai kilo 200, a jiƙa ta a ruwa kafin a ba shi don sukarin ya ragu, a raba ta ƙanana-ƙanana, da ɗan ƙarin gishirin jiki. Na sayi ma'auni na rataye a barga. Duk mai kuru ya sayi ma'auni. Ido yana ruɗi, musamman idon wanda ya saba da babban doki.

Maganin rage zafi likita ce ta rubuta, mai gyaran kofato kuma yana zuwa duk bayan mako huɗu zuwa biyar yana datsewa bisa hoton ƙashin. Kofato ba ya sauri, ƙasa da santimita ɗaya yake tsiro a wata, don haka sai da aka yi kusan shekara kafin zoben da ciwon ya bari ya sauka ya fita. Shekara guda ke nan 'yata ba ta hau ba. Ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, kullum tambayarta ɗaya ce, "Baba, yau ƙafarsa da zafi?" Ni na san abin da ya jawo, kuma na faɗa mata gaskiya, na nuna mata mudun.

Wanda zai sayi doki ko kuru, ina roƙonsa kafin ya kalli launi, akawal ne ko kili ko danda, ya tambayi ƙasar da jinsin ya fito da aikin da aka gina shi don yi. Ya tambayi mai sayarwa ko dabbar ta taɓa ciwon kofato, ya duba kofaton da kansa ko akwai zobba da suka fi buɗewa ta wajen dunduniya. Ya matsa wuya ya ji, in ya yi tauri kamar katako, ya yi hattara. Ya laluba haƙarƙari, in sai ya danna da ƙarfi kafin ya ji su, ƙiba ta yi yawa. Ni ban yi ko ɗaya ba, na tsaya kallon farin goshinsa da yadda yarinya ta rungume shi.

Yanzu shekara biyu ke nan da warkewarsa. Yana sassarfa, har sukuwa yana yi da ita a filin yashi. Likita ta ce haɗarin yana nan tare da shi har ƙarshen rayuwarsa, kuma Shetland yakan haura shekara 30. In sabuwar ciyawa ta fito bayan ruwa, da takunkumi yake fita, na awa biyu kawai. Gimbiya tana cin hatsinta a ɗaki dabam, a rufe, don kada ya kai baki. Kowace safiya kafin a zuba masa komai, 'yata takan durƙusa ta ɗora yatsu biyu a bayan idon sawunsa, ta yi shiru tana saurare, sannan ta juyo ta faɗa mini abin da ta ji.