Yadda ake bin sawun waƙar yarinta da ta kusa ɓacewa

Kafin ka taɓa intanet, ɗauki waya ka naɗi abin da ya rage maka na waƙar, ko da rabin amshi ne. Rera shi sau biyu ko uku. Inda kalma ta ɓace, ka wuce da karin kawai, kada ka cike gurbin da ƙirƙira. Ƙwaƙwalwa gwanar aro ce: da zarar ka saurari waƙoƙi biyar masu kama da taka, sai ka kasa bambance wadda ka taso da ita da wadda ka ji jiya. Ka rubuta wanda yake rera ta, da inda kuke zaune a lokacin, da abin da ake yi da ita: reno ne, wasan yara ne, ko aiki? Akwai tafi?

Wajen neman kalmomi, zaɓi wadda ta fi zama baƙuwa a baitin, kamar sunan tsuntsu ko na mutum. Sanya jimlar tsakanin alamomin zance a Google, ka sa alamar tauraro a gurbin kalmar da ka manta. Gwada rubutun da ƙ, ɗ, ɓ, ka sake gwadawa ba su. A nan aka fi yin tuntuɓe, domin kunnen yaro yakan haɗe kalmomi biyu su zama ɗaya, ko ya mayar da tsohuwar kalma zuwa wata wadda ya sani. Mai yiwuwa abin da ka haddace ba haka aka faɗe shi ba.

Shazam, manhajar gane waƙa a waya, ba zai taimaka ba, don shi faifan da aka riga aka naɗa yake ganewa, ba muryarka ba. Tun 2020 manhajar Google tana karɓar kari idan ka rera na daƙiƙa 10 zuwa 15, amma abin da ke rumbunta kawai take iya kawowa, kuma waƙoƙin gargajiya da dama ba su taɓa shiga situdiyo ba. Akwai dabarar da Denys Parsons ya fitar a 1975: ka bi sautukan ɗaya bayan ɗaya kana rubuta ko ya hau, ko ya sauka, ko ya maimaita. Tana da amfani wajen kwatanta waƙoƙi biyu ko da ba ka san rubutun kiɗa ba.

A ganina, tsofaffi sun fi kowace na'ura. Sai dai kada ka ce, "Kaka, kin tuna waƙa kaza?" Za ta ce ta manta. Zauna kusa da ita ka fara rerawa a hankali, da tafin idan akwai, ka yi shiru daidai inda ka maƙale. Sau da yawa bakinta ne zai ƙarasa kafin ta ankara. Nemi izininta ka naɗa. Ka ji kowa shi kaɗai tukuna, domin idan ka tara su tun farko, mai ƙarfin murya zai danne sauran.

Sannan rumbunan adana sauti. ILAM (International Library of African Music), rumbun kiɗan Afirka wanda Hugh Tracey ya kafa a 1954 a Afirka ta Kudu, yana da ɗimbin waƙoƙin Afirka. British Library a Landan da Library of Congress a Amurka su ma suna da nasu. Idan waƙar ta Turanci ce, kundin Roud yana bai wa kowace waƙa lamba ɗaya da ke tattara duk sigoginta. Nemi da layin farko, ko yanki, ko harshe, domin taken da ke kan faifai sau da yawa mai naɗin ne ya laƙaba shi.

Idan ka samu wadda baitocinta suka saɓa da naka, kada ka yar da ita. Waƙar baka tana sauya kalmomi daga gida zuwa gida, amma amshi da kari sun fi daɗewa ba su motsa ba, don haka su za ka fara aunawa. Ajiye kowace siga daban, da sunan wanda ya rera, da wurin, da ranar da aka naɗa.